Dillali ya taya gidana na Kubwa miliyan 35, ni kuwa lissafina miliyan 8 yake nuna mini: in sallama in koma Kano?

Ma'aikaci a Abuja ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gidaje a kan wani al'amari da ya hana ni barci makonni uku ke nan.

A shekarar 2011 na sayi gida mai ɗaki uku da falo a wani rukunin gidaje da ke Kubwa a kan naira miliyan 12. Na biya miliyan 3 daga abin da na tara, sauran miliyan 9 kuma na karɓe su a matsayin bashi daga Asusun Gidaje na Ƙasa, wato NHF, ta hannun wani bankin jingina, a kan kuɗin ruwa kashi 6 cikin 100 a shekara, da sharaɗin in biya cikin shekara 20. Tun daga lokacin ake cire mini kimanin naira 64,500 a kowane wata, kuma takardar da bankin ya ba ni a watan jiya ta nuna cewa abin da ya rage a kaina bai cika miliyan 4 ba.

Yanzu mahaifiyata ta tsufa, jikinta kuma ya fara rauni, ga shi ta ƙi amincewa ta zo ta zauna da mu a Abuja, don haka na nemi a mayar da ni ofishinmu na Kano, kuma alamu sun nuna za a amince. Na daɗe ina ɗauka cewa ba zan iya mallakar gida a Kano ba sai na gama biyan wannan bashi, domin a lissafina abin da yake nawa a gidan shi ne miliyan 3 da na fara bayarwa da kuma miliyan 5 da ɗoriya da na rage daga uwar kuɗin, wato miliyan 8 ke nan, wanda na san ko fuloti mai kyau ba zai saya mini a Hotoro ko Rijiyar Zaki ba. Kwatsam sai wani dillali ya same ni bayan sallar Juma'a, ya ce ya ji labarin ina shirin tashi, yana da mai saye da zai ba ni miliyan 35 kuɗi hannu, kuma a shirye yake ya ajiye kafin alƙalami na miliyan 5 a wannan makon idan na sallama.

Gaskiya kuɗin sun girgiza ni, har na kusa cewa na sallama a nan take. Abin da ya tsayar da ni shi ne maganar uwargidana, wadda ta ce ta ji daga matan unguwa cewa an sayar da wani gida irin namu a layin baya a kan miliyan 58 a farkon wannan shekara. Ban san ko gaskiya ne ba, domin labarin ya bi ta bakuna da yawa kafin ya iso gare ni. Tambayata ita ce, ta yaya mutum zai san ainihin rabonsa a gidan da har yanzu akwai bashi a kansa? Kuma idan tayin dillalin ya ninka abin da nake zato har sau huɗu, akwai dalilin da zai sa in ƙi karɓa?

Mai ƙiyasin kadarori daga Kaduna ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Da farko ka gode wa uwargidanka, domin ita ce ta hana ka yin asarar da za ta iya kai albashinka na shekaru.

Kuskuren da ke cikin lissafinka kuskure ne da nake gani a wurin mutane masu ilimi da hankali, ba don rashin iya lissafi ba, sai don farashin da mutum ya sayi gida da shi yana maƙalewa a ransa kamar sunan yanka. Kana auna rabonka da abin da ka zuba, alhali kuwa rabonka shi ne abin da gidan zai yi a kasuwa yau, idan aka cire bashin da ya rage da kuɗaɗen da cinikin zai ci. Bankin ba abokin tarayyarka ba ne a gidan. Kuɗi ya ranta maka, kuma haƙƙinsa ya tsaya a kan abin da ya rage na kuɗin, ko da darajar gidan ta ninka sau goma. Duk ƙarin da gidan ya yi tun 2011 naka ne kai kaɗai.

Bari in yi amfani da alƙaluman da ka bayar. A watan farko, daga cikin 64,500 da aka cire maka, naira 45,000 kuɗin ruwa ne, kimanin 19,500 kacal suka rage uwar kuɗin. Yanzu da ka shekara 14 kana biya abin ya juye kusan daidai wa daida, domin kimanin 19,500 ne ke tafiya a kuɗin ruwa, 45,000 kuma suna cin uwar kuɗin. Shi ya sa mutane da yawa suke duba takardar bashinsu a shekarun farko, su ga kamar ba ya motsi, su yanke ƙauna, su daina dubawa, har su wayi gari ba su san cewa saura kaɗan ba. Idan muka ɗauka, a matsayin misali kawai, cewa gidan zai yi miliyan 60, sai ka cire miliyan 3.9 na banki, ka cire la'adar dillali wadda a Abuja aka saba da kashi 5 cikin 100, wato miliyan 3, ka ware kamar miliyan 1 don lauya da gyaran takardu, abin da zai rage a hannunka ya kai miliyan 52. Idan kuwa ka karɓi tayin miliyan 35, bayan ka biya banki kaɗai za ka tashi da miliyan 31. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun ita ce abin da ya sa dillalin yake gaggawar ajiye kafin alƙalami.

Ba na cewa gidanka ya kai miliyan 60, domin ban gan shi ba, kuma wanda duk ya yanke maka farashi ta waya cinikin biri a sama yake yi. Amma akwai dalilai a fili da suka sa Kubwa ta yau ba Kubwar 2011 ba ce. An faɗaɗa babbar hanyar da ta haɗa ta da tsakiyar birni, jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da ya fara aiki a 2016 yana da tasha a can, matsalar tsaro ta turo iyalai masu yawa daga jihohin da ke kewaye, sannan kuɗin gina sabon gida ya yi tashin gwauron zabo, wanda shi kansa yake ɗaga darajar gidan da aka riga aka gina. Buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, kuma rodi da kwano da tayil duk sun bi sahu.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ka ɗauki mai ƙiyasi da ke da rajista da ESVARBON, hukumar rajistar masu ƙiyasin kadarori ta ƙasa, ka biya shi da kuɗinka, ka tabbatar ba shi da wata alaƙa da mai saye. Ka buƙaci ya kafa ƙiyasinsa a kan gidajen da aka riga aka sayar a rukuninku cikin watanni shida zuwa shekara guda, ba a kan farashin da ake liƙawa a shafukan intanet ba, domin wancan buri ne na mai sayarwa, kuma sau da yawa ciniki yana faɗawa ƙasa da shi sosai. Shi ma gidan layin baya a bincika: ko yana kan kwana, ko filinsa ya fi naka girma, ko an yi masa ƙarin ɗakunan baya da burtsatse da na'urar hasken rana. Waɗannan abubuwa suna iya kawo bambancin miliyoyi tsakanin gidaje biyu da aka gina da zane ɗaya.

Sai dai akwai wani gefen da bai kamata murna ta rufe maka ido a kansa ba. A 2011 dalar Amurka tana wajen naira 155, wato miliyan 12 ɗinka sun kai kusan dala 77,000. A 2025 da dala take wajen naira 1,500, miliyan 60 ba su wuce dala 40,000 ba. Kenan kaso mai yawa na ƙarin da kake gani faɗuwar darajar naira ce, ba arziki ne ya ƙaru ba. Inda ka ci riba ta haƙiƙa shi ne a bashin, domin ka karɓe shi da naira mai ƙarfi, kana biyansa da naira mai rauni, a kan kuɗin ruwan da bai taɓa motsawa ba, a lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. Saboda haka tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wane irin gida miliyan 52 za su saya maka a Kano a wannan watan, domin Kano ma ba ta tsaya jiranka ba.

Uwar marayu daga Zariya ta amsa:

Malam mai tambaya, ni ba masaniyar lissafi ba ce kamar Yallaɓai mai ƙiyasi, amma na taka wannan hanyar da ƙafata, kuma ina roƙonka ka karanta abin da ya same ni kafin ka karɓi ko sisin kwabo.

Bayan rasuwar maigidana, an raba gado, gidanmu na Kaduna ya faɗo a rabona da na 'ya'yana. Mun yanke shawarar sayarwa mu koma Zariya kusa da dangi. Ni ma a raina farashin da marigayi ya saya nake riƙe da shi, don haka da aka taya mini abin da ya ninka shi sau uku sai na ga kamar an yi mini kyauta, na sallama a watan Maris na 2023. Daga baya na gane cewa na sayar ƙasa da ƙima, amma wannan ba shi ne babban ciwon ba. Babban ciwon shi ne na sayar kafin in sami inda zan saya. Na ajiye kuɗin a banki, muka kama haya, na ce zan bi a hankali in nemi fuloti in gina abin da nake so.

A ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni kuma Babban Banki ya sake wa naira mara a kasuwar canji. Dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati lokacin da na sayar ta wuce 1,500 kafin shekara ta zagayo. Ina zaune kuɗina suna nan a rubuce yadda suke, babu wanda ya taɓa mini ko naira ɗaya, amma duk ranar da magini ya kawo sabon lissafi sai in ga an yanke mini ɗaki guda. Abin da aka ƙiyasta zai kammala gida har da fenti, da kyar ya kai mu ga rufi. Yau shekara ta biyu ke nan muna zaune a ɓangare ɗaya, ɗaya ɓangaren kuma kango ne, ina tara kuɗin filasta da adashi.

Don haka ni a ganina sanin darajar gidanka rabin aiki ne. Kada ka saki reshe ka kama ganye. Ka je Kano ka ga gidan da kake so da idonka, a bincika takardunsa, ku yi ciniki, sannan ka ɗaure cinikin Abuja da shi, ta yadda tsakanin shigar kuɗi hannunka da fitarsu ba zai wuce 'yan makonni ba. Idan da hali, ka sayi ginanne, domin gini a wannan zamani rami ne da ba a ganin ƙarshensa sai an faɗa. Kuma ka rubuta a yarjejeniyar cewa za ka ci gaba da zama a gidan na wata biyu ko uku bayan an biya ka, saboda makarantar yara da kuma takardar sauyin wurin aiki da ka ce har yanzu ba ta fito ba. Masu saye da yawa suna amincewa da haka idan aka faɗa tun farko.

Wani abu kuma, kuma ina faɗarsa ne a matsayin mace: idan uwargidanka ta taɓa sayar da sarƙarta ko ta zuba kuɗin sana'arta a katanga ko burtsatse, ku zauna ku rubuta shi yanzu da kuke raye kuna fahimtar juna. Na ga abin da rashin rubutu ya jawo a gidaje da dama ranar rabon gado.

Lauya mai aikin filaye ya amsa:

Abin da Yallaɓai mai ƙiyasi da Hajiya ta Zariya suka faɗa daidai ne, ni zan ƙara ne a kan abin da yake mayar da ƙiyasi ya zama kuɗi, wato takarda. Gida biyu masu kama ɗaya a layi ɗaya suna iya bambanta a farashi saboda ɗaya takardunsa a tsaftace suke, ɗaya kuma mai saye sai ya yi shekara yana zarya a ofisoshi.

Tambayar farko da za ka yi wa kanka ita ce wace takarda ce take ɗauke da sunanka. A yawancin rukunin gidaje na Abuja, takardar shaidar mallaka, wadda aka fi sani da C of O, guda ɗaya ce ta dukan filin, kuma tana ɗauke da sunan kamfanin da ya gina rukunin. Abin da masu gidaje suke riƙe da shi shi ne wasiƙar ba da gida da kuma yarjejeniyar mallakawa tsakaninsu da kamfanin. Idan haka naka yake, to akwai buƙatar a duba ko kamfanin bai jinginar da babbar takardar a wani wuri ba, da kuma ko yana biyan harajin fili na shekara-shekara. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a watan Maris na 2025 hukumar birnin tarayya ta sanar da soke takardun filaye 4,794 saboda masu su sun haura shekara 10 ba su biya wannan haraji ba. Lauyanka zai iya shigar da buƙatar bincike a ofishin AGIS mai adana bayanan filayen Abuja, ya fito maka da matsayin filin a rubuce. Haka za ka yi a KANGIS, takwaransa na Kano, game da gidan da za ka saya a Kano, kada ka tsaya a kan shaidar mai unguwa kaɗai, duk da cewa ita ma tana da amfaninta.

Na biyu, gidan yana ƙarƙashin jingina, kuma asalin takardunka suna hannun banki. Ba dole ba ne sai ka gama biyan shekara 20 kafin ka sayar, wannan zaton ne ya ɗaure ka ba gaira ba dalili. Abin da ake yi shi ne ka rubuta wa bankin ka nemi adadin da zai rufe bashin gaba ɗaya zuwa wata ƙayyadajjiyar rana, tare da duk wani caji na biya kafin wa'adi idan yarjejeniyarku ta tanadi hakan. Sai a tsara cinikin ta yadda mai saye zai biya wannan adadin kai tsaye a asusun bashin, ragowar kuma a asusunka, bankin ya ba da takardar sakin jingina, ya kuma miƙa asalin takardun. Ka fara wannan tun yanzu, domin fito da takardu daga ma'ajiyar banki yakan ɗauki lokaci fiye da yadda ake zato.

Na uku, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, a sashe na 22, ta wajabta neman amincewar gwamna kafin a mayar da haƙƙin mallaka ga wani, a Abuja kuma ministan birnin tarayya ne yake tsayawa a wannan matsayi. Sashe na 26 ya ce cinikin da ya saɓa wa tanadin dokar ba shi da inganci. A al'ada mai saye ne yake ɗaukar nauyin kuɗin amincewa da na hatimi da na rajista, wanda ke nufin a Abuja nauyin ba naka ba ne, amma a Kano kai ne mai saye, don haka ka ware masa kaso daga cikin miliyan 52 ɗin da aka lissafa maka. Game da haraji kuwa, tsohuwar dokar harajin ribar kadara tana karɓar kashi 10 cikin 100 na ribar, amma ta keɓe gidan da mutum yake zaune a ciki a matsayin babban mazauninsa. An sa hannu a kan sababbin dokokin haraji a watan Yunin 2025 waɗanda aka tsara su fara aiki a Janairun 2026, saboda haka ka sa lauyanka ya duba wacce za ta shafe ka bisa ranar da za a rufe cinikin.

A ƙarshe ina gargaɗinka a kan kafin alƙalamin nan. Da zarar ka karɓi miliyan 5 ka sa hannu a kan rasit mai ɗauke da farashi da bayanin gida, ka ba wa ɗaya ɓangaren abin da zai iya riƙewa ya kai ka kotu yana neman a tilasta maka cika ciniki. Ka kuma tambayi dillalin a fili, wa yake wa aiki? Sau da yawa a irin wannan tayi babu wani mai saye a bayan labule, shi da abokansa ne za su saya su juyar cikin wata guda.

Ɗan'uwa mazaunin Amurka ya amsa:

Na karanta tambayar da murmushi, domin a nan Amurka, inda ake ganin kowa yana da bayanai a tafin hannunsa, mutane suna yin irin wannan kuskure. Daga farkon 2020 zuwa tsakiyar 2022 farashin gidaje a faɗin ƙasar ya ƙaru da sama da kashi 40 cikin 100, kuma na san iyalai da suka ci gaba da matsuwa a ƙaramin gida suna ganin ba su da abin biyan kafin alƙalamin babba, alhali ƙarin darajar gidansu kaɗai ya isa.

Sai dai a nan an gano cewa sanin rabonka ba shi kaɗai ne yake ba ka damar tashi ba. A Janairun 2021 matsakaicin kuɗin ruwan bashin gida na shekara 30 ya sauka zuwa kashi 2.65, a Oktoban 2023 kuma ya kai kashi 7.79. Wanda yake da bashin dala 300,000 a kan kashi 3 yana biyan kimanin dala 1,265 a wata, idan ya sayar ya sake karɓar daidai wannan adadi a kan kashi 7 zai koma biyan kusan dala 2,000. Saboda haka miliyoyin mutane suka zauna daram a gidajensu, ba don ba su da rabo mai tsoka ba, sai don bashin da ke kansu ya fi duk wanda za su iya samu yanzu sauƙi.

Wannan ne ya sa nake da ɗan saɓani da waɗanda suka riga ni, domin duk sun tafi a kan cewa sayarwa za ka yi. Bashinka na kashi 6 ne a ƙasar da Babban Bankinta ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, bankunan kasuwanci kuma suna ba da rance sama da haka. Ka tambayi nawa ake hayar gida irin naka a Kubwa. Abin da kake biyan banki a shekara bai kai naira 800,000 ba. Idan hayar za ta rufe wannan, ta kuma biya maka hayar gida a Kano, me zai hana ka riƙe gidan shekara ɗaya ko biyu, ka ga yadda zaman Kano zai kasance? Ma'aikacin gwamnatin tarayya ba ya cewa ya bar Abuja har abada, kuma wanda ya sayar a can komawarsa kasuwar da wuya. Na yarda hayar tana da nata ciwon kai, musamman ga mai gidan da yake nesa, kuma farashi ba kullum yake hawa ba, domin mu nan mun ga rikicin 2008, wanda bayansa aka wayi gari kusan ɗaya cikin huɗu na gidajen da ke da bashi, bashin ya fi ƙarfin darajarsu. Amma zaɓi ne da ya cancanci a ɗora shi a kan sikeli.

Ɗalibin ilimi daga Kano ya amsa:

Ina da ƙarin bayani biyu ta fuskar addini, a taƙaice. Gidan da mutum yake zaune a ciki babu zakka a kansa komai tsadarsa, amma da zarar ya zama kuɗi, suka kai nisabi, suka kuma shekara a hannunka, to zakkar kashi 2.5 cikin 100 ta hau kansu, wanda a kan miliyan 52 ya kama miliyan 1.3. Wannan ƙarin dalili ne na bin shawarar Hajiya ta Zariya.

Na biyu, ga ɗan'uwanmu na Amurka, ba kowa ne yake kallon bashi mai kuɗin ruwa a matsayin abin riƙewa don ya yi araha ba. Idan Malam yana son ya sauke wannan nauyi daga wuyansa, sayarwar ta ba shi dama, kuma idan kuɗin ba su kai ga gidan Kano ba akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da Lotus, waɗanda za a iya tambaya game da tsarinsu na mallakar gida. Shi kuma dillalin a tuna masa cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya hana tarbar fatake a bayan gari a sayi hajarsu kafin su san farashin kasuwa.

Ma'aikaci a Abuja ya sake rubutawa:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na jinkirta amsa ne don in dawo da abin da na yi, ba godiya kawai ba.

Na ce wa dillalin albarka. Washegari ya kira ya ƙara zuwa miliyan 42, bayan kwana biyu kuma ya ce 45, ba tare da na buɗe baki na nemi ƙari ba, wanda hakan kaɗai ya ishe ni amsa. Na ɗauki mai ƙiyasi mai rajista, ya zo ya auna, ya kuma gano cewa gidan layin baya miliyan 58 ɗin aka sayar da shi da gaske, amma yana da ɗakunan baya guda biyu da nawa ba shi da su. Ya ƙiyasta nawa tsakanin miliyan 52 da 55, ya kuma nuna mini tsagewar da ke katangar baya da yoyon rufin kicin, ya ce gyaran da bai kai miliyan 1 ba zai hana mai saye samun abin fakewa ya rage miliyan 3.

Barista, hasashenka ya tabbata, domin babbar takardar tana ɗauke da sunan kamfanin da ya gina rukunin, kuma lauyan da na ɗauka ya shigar da buƙatar bincike. Na rubuta wa bankin ina neman adadin rufe bashi, sun ce in dawo bayan kwana goma na aiki.

Maganar haya kuwa ta raba kanmu a gida. Ni na karkata ga shawarar ɗan'uwanmu na Amurka, uwargida kuma ta ce ba za ta bar gidan kanta ta je Kano ta zauna a gidan haya ga kuma bashi a wuya ba. Mun tsaya a kan cewa ranar Asabar mai zuwa za mu tafi tare, mu gaida mahaifiyata, sannan ƙanina ya zagaya da mu gidaje uku da ya gano, biyu a Ɗanbare, ɗaya a Mariri. Idan akwai wanda ya san yadda ruwa yake kwanciya a waɗannan unguwanni da damina, da kuma yanayin wutar lantarki a can, ina roƙon ya sanar da ni kafin ranar Juma'a.